Kujerar Baya ta Malam Ɗahiru

Shekara talatin da ɗaya Malam Ɗahiru ya yi yana tuƙa Turawa, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa zama a kujerar bayan mota ba. To me zai kai shi? Daga Damagaram ya zo Yamai yana saurayi, ya sauka a Zongo wurin wani kawunsa mai sayar da tayoyi, ya koyi tuƙi, ya samu shiga wani proje na Turawa, aikin ginin rijiyoyi. Tun daga nan ba garin da bai taka ba tsakanin Tera da Difa. Sai dai in ka tambaye shi yadda garin yake, ramukan hanya zai lissafa maka, da kwanar da jakuna suke faɗowa ba sallama. Masu kallon ƙasa suna baya. Su sauke gilashi, su nuna abu da yatsa, su ce, “Tsaya nan.” Shi kuwa ya tsaya.

Wannan kujera, ta baya a hannun dama, ita ce ta tsaya masa a rai. Ba mota yake so ba, ba gida mai bene ba. So yake ko sau ɗaya ya hakimce a wurin, wani ya ja shi, shi ma ya ce a tsaya a kuma tsaya. Matarsa Zuwera kaɗai ya taɓa faɗa wa, ita ma da ta yi dariya har da riƙe ciki bai sake tayar da zancen ba.

Ya ajiye aiki da shekara biyu sai ga kira daga Beljik. Mushe Luc ne, injiniyan da ya tuƙa shekara goma sha ɗaya, da matarsa Madam Annick. Zaman mota ɗaya da cin ƙosai a takarda ɗaya sun daɗe da mayar da su abokai. Suka ce sun duba sun ga Ɗahiru zai cika sittin, za su zo su yi masa biki, sannan a fita yawon buɗe ido na kwana uku. Shi dai Ɗahiru bai san ranar da aka haife shi ba. Takardarsa ta ce ɗaya ga Janairu, kamar ta rabin tsaransa, don wanda ya rubuta ta kallon tsayinsa kawai ya yi ya yanke. Amma bai yi gardama ba, ya ga Allah ne ya kawo masa damar har gida. Wannan karon shi ne mai masauki, su ne baƙi, kuma mai masauki ba ya riƙe sitiyari.

Sai ya shiga shiri. Ya nemo Amadou, ƙanen Zuwera, magidanci mai ’ya’ya biyar da wata tsohuwar mota mai lafiya. Mako biyu yana ba shi horo a bakin kogi.

“In na fito, ka buɗe mini ƙofa. Ta dama, ba ta hagu ba.”

“To, Yaya.”

“Kuma kar ka sa baki in muna hira. Shofar na kirki kurma ne.”

Amadou ya haɗiye abin da ya zo masa a baki, albarkacin yayarsa. Ɗahiru ya kai wa tela farar shadda, aka yi masa babbar riga mai aiki har gwiwa, irin wadda ko mahaukaci ba zai yi tuƙi da ita ba. Da gangan ya zaɓe ta.

Ranar biki gidan ya cika. An yanka rago, Zuwera da maƙwabta sun yi dambun zogale da shinkafa, Madam Annick ta zo da gato, wato kek, an kafa masa kyandirori. Aka ce Malam ya hure. Dattijo mai furfura ya duƙa yana hura wuta a gaban limamin unguwa, ya ji kunya kamar ya nutse, amma ya daure, don ya san abin da ke jiransa gobe.

Ana gama tafi Mushe Luc ya kama hannunsa ya ce kowa ya fito waje. A ƙofar gida ga wata farar kat-kat, babbar motar shiga daji, sabuwa fil, ta tare rabin lungu, motar Amadou da aka wanke tun asuba tana rakuɓe a bayanta. Luc ya yi gyaran murya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce sun daɗe suna tunanin kado, wato kyautar da ta dace da mutum irin wannan. Sun tuna yadda yake shafa sitiyari, yadda yake jin ciwon inji tun kafin inji ya san yana ciwo. Don haka suka yi hayar wannan mota ta kwana uku, suka ce wa masu ita su riƙe direbansu.

“Ba mai tuƙa mu sai kai, abokina,” in ji shi, ya danƙa masa makulli. “Kamar da!”

Mata suka rangaɗa guɗa. Zuwera ta sunkuyar da kai, wannan karon ba ta yi dariya ba. Ɗahiru ya dubi makullin, ya dubi mutumin da ya tsallako teku saboda shi. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na baƙo, balle a gaban jama’a. Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, ya ce, “Na gode, Patron,” kamar yadda yake kiransa lokacin yana ubangidansa.

Da safe ya ninke babbar riga ya mayar akwati, ya sa tsohuwar ’yar shara. Baƙi suka ce Madam Zuwera ce za ta zauna a baya hannun dama, don can ne inuwa. Ta shiga tana satar kallonsa a madubi.

Abin haushin, tuƙin ya yi masa daɗi. Motar tana tafiya kamar ana zuba mai a faranti, hannunsa ya tuna komai, ya tsinci kansa yana kauce wa ramukan da ya sani tun suna ƙanana. Sabo turken wawa. A shingen jandarma shi aka tambaya permi, takardar tuƙi. A Kure suka ɗauki ɗan jagora zuwa wurin raƙuman dawa, mutumin ya hau ya fara ba da umarni: “Shofar, dama! Shofar, a hankali!” Aka tarar da raƙuman, bakwai har da ƙarami, suna tsinkar ganyen ƙaya ba ruwansu da kowa. Kowa ya sauka da waya a hannu. Ɗahiru ya zauna yana juya mota don kar ta kafe a yashi, kafin ya gama sun ba da baya sun shige daji.

A Doso mai masaukin baƙi ya ƙirga ɗakuna biyu, ya ce akwai tabarma a baya inda direbobi suke kwana. Luc ya fusata, fuskarsa ta yi ja, ya buga tebur.

“Wannan ba direba ba ne, abokinmu ne! Bikinsa muke yi!”

Mutumin ya ba da haƙuri, amma idonsa yana kan makullin da ke hannun Ɗahiru. Washegari aka wuce Dogonduci kallon duwatsu. Madam Annick ta sauke gilashi, ta nuna da yatsa, ta ce, “Tsaya nan, Ɗahiru.” Ya tsaya. Ba su yi masa komai ba sai alheri, shi ya sa abin ya fi ciwo, don ba wanda zai yi wa fushi.

Rana ta uku da la’asar suka sauke Zuwera a gida, ya kai baƙin filin jirgi. Suka rungume shi, Annick tana kuka, Luc yana cewa bai taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba. Ɗahiru ya ce wallahi gaskiya ne, ya sauke musu jakunkuna.

Saura awa guda a mayar da mota. Maimakon ya nufi wurin masu ita, sai ya miƙe unguwar Gudel, ya gangara gefen lambuna, ya tsaya inda ake hango kogi. Ya kashe inji. Ya fito, ya duba gabas da yamma, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya shiga ya rufe. Kujerar tana da laushi fiye da yadda ya zata. Ya jingina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sauke gilashi. Masunta biyu suna jan koma, ga jerin kabeji har bakin ruwa. Ya ɗaga yatsa zai nuna, sai ya mayar da hannun cinyarsa.

Wata tsohuwa mai lambu ta taho da kwandon salati a ka. Ta ga babbar mota, ta ga dattijo a baya, ta rusuna ta gaishe shi da Zabarmanci.

“Fofo, Alhaji. Ina shofar naka ya tafi ya bar ka cikin zafi?”

Ɗahiru ya dubi kujerar gaba, makulli yana lilo a jikin sitiyari.

“Ƙyale shi, Inna,” ya ce. “Ya tsufa, ya gaji. Na ce ya ɗan huta.”