Kalmar da Yake Faɗa Mini Ranar Laraba

A shekarun da na yi a jami'a akwai doka ɗaya da na fi ƙauna: ranar Laraba, daga sallar azahar, babu lacca. Hukumar makaranta ta ware wannan yammaci don wasanni da motsa jiki. Malamin da ya sa aji a lokacin, shi kaɗai zai zauna da allonsa. Fili da zauren wasanni kuwa na kowa ne, wanda ya iya da wanda bai taɓa gwadawa ba.

Ni da farko ba wasa ke kai ni zauren ba. Gidanmu yana Unguwar Shanu, kuma idan na koma da wuri Umma ba ta rasa aikin da za ta miƙo mini. Don haka sai in nemi benci a ƙarƙashin fanka in buɗe littafina. Littattafan soyayya nake nufi, irin masu hoton fure a bango, waɗanda nake samowa a wani lungu na Babbar Kasuwa. Na karanta su har na haddace yadda abin yake zuwa. Saurayin kirki ba ya fara magana kai tsaye. Kallo ne da farko, daga nan sai wata kalma guda da zai jefa a gaban jama'a, wadda babu mai gane ta sai wadda aka yi dominta. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda da sunana, kuma kullum kunnena a buɗe yake.

Badminton ake bugawa a zauren. Raga a tsakiya, raket a hannu, da 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu wadda ke tashi kamar da rai a jikinta. Kyaftin ɗin 'yan wasan jami'a wani ɗan ajin ƙarshe ne, dogo, siriri, ba ya rabuwa da farar riga. Idan ba ya bugawa sai ya tsaya a gindin sandar raga yana kiran maki ga masu koyo.

Wata Laraba wata yarinya ta rasa abokiyar bugu. Sai na ji muryarsa a kaina.

"Malama mai littafi, ko za ki taimaka mana? Mutum ɗaya muke nema."

"Ban iya ba," na ce.

"Ai don waɗanda ba su iya ba aka yi Laraba."

Na ajiye littafin, na ɗaure hijabina a ƙugu, na karɓi raket. Ya dubi yadda na damƙe shi ya yi murmushi.

"Ba tuwo za ki tuƙa ba. Sassauta hannun."

Ya koma gindin sandarsa, ya ɗaga murya ya ce, "Lof ol." Yarinyar ta bugo, na kai duka na sami iska. Sai ya juyo da fuskarsa ɓangarena ya ce, "Ɗaya, lof."

Wannan kalmar Turanci mai nufin so na san ta sarai, domin babu littafin da zan karanta ban ci karo da ita ba, galibi a shafin da jarumi ya kasa riƙe abin da ke ransa. Kafin in dawo hayyacina an sake bugowa. "Biyu, lof." Ya sake juyowa. Haka aka yi ta yi har wasa ya ƙare, kowane maki da kalmar a bayansa, kowace kalma da juyowar fuska. Ban san sau nawa na taɓa ƙwallon ba. Na fita daga zauren ƙafata ba ta jin ƙasa.

Ban yi gaggawar yanke hukunci ba, don littattafan sun koya mini bincike. Laraba ta gaba na zauna na saurari wasan wasu. Yakan faɗi kalmar sau ɗaya ko biyu a farko, sai ya daina. A wasana ne kawai yake riƙe ta tun daga farko har ƙarshe. Me ya rage kuma? Akwai ranar da abokiyar karawata ta buga ƙwallo waje, daga nan ya daina faɗa ɗungurungum, ya koma kiran lamba zalla. Na wuni ina neman laifin da na yi masa. Na ce ko don na gaisa da wani ɗan ajinmu a bakin ƙofa ne.

Haka na zama 'yar zaure. Na sayi farin takalmin kambas, na daina zuwa da littafi.

Ana cikin haka gasar jami'o'i ta matso. Wata Laraba koci, wani kakkauran mutum mai usur a wuya, ya tara mu ya faɗa mana sabon tsarin hukuma. Daga yanzu har a dawo daga gasa, zauren na 'yan wasan da za su wakilci jami'a ne kaɗai, har da ranar Laraba. Masu wasan nishaɗi su koma fili, bayan laburare. Amma 'yan wasa mata ba su da yawa, don haka zai yi gwaji, ya zaɓi kaɗan daga cikinmu su zauna a zaure a matsayin abokan atisaye.

Na dubi kyaftin, yana can yana gyara igiyar raga. Idan aka fitar da ni, kafin a sake buɗe mana ƙofa ya gama jarrabawarsa ya tafi. Zaman zauren nan shi ne komai a wurina.

Ina da wata ƙawa 'yar Katabu, tare muke shiga motar Kawo, in sauka a hanya ita ta wuce. Ƙwallon raga take bugawa, kuma bakinta ba shi da birki. A mota ranar nan na kasa haƙuri, na raɗa mata komai.

"Wai me yake ce miki?" ta tambaya.

Na rufe baki da gefen hijabi na faɗa mata.

"Shi kaɗai, ko da lamba a gabansa?"

"Da lamba. Kamar ya ce biyar, sannan ya faɗa."

Ta dube ni, ta dubi titi, sai ta kife kai a kan cinyata. Kafaɗunta suka hau rawa. Wata dattijuwa da ke gefenmu ta ce, "'Yan mata, lafiya? Ko cikinta ne?"

"Lafiya lau, Mama," ƙawata ta ce tana share hawaye. Ta juyo gare ni. "Ke! Sifili ne. Ƙwai! A wasan nan wanda bai ci komai ba shi ake ce wa lof. Wata nawa bawan Allah yana sanar wa duniya ba ki iya ba, ke kina can kina zaɓen kayan lefe!"

"Amma yana juyowa wajena."

"To wajen wa zai juya? Wajen mai maki?"

Dattijuwar ba ta gane zancen ba amma ita ma ta kama dariya. Na sauka tun kafin a kai mahaɗarmu, na ƙarasa da ƙafa.

Na yi niyyar ba zan sake taka zauren ba. Amma da na kwana biyu sai na ga ba zan iya ba. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa ko da kalmar ba tawa ba ce, murmushin ranar farko ai nawa ne. Wani ɓangaren kuma, wanda ban san ina da shi ba, haushi yake ji. Ina so in tsaya a gabansa ya nemi kalmar nan ya rasa wurin sa ta.

Na aro raket da tsohuwar ƙwallo, na mai da igiyar shanyar Umma raga. Bayan la'asar ina ta bugawa ina zagayawa ina ɗaukowa, sai ga Baba ya dawo daga ofis. Ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsare gida, ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Ya tsaya da jakarsa yana kallona. Na jira faɗa. Sai ya shige ɗaki, na ji yana jan kujera, ya fito da wani raket na katako da ya sauko da shi daga saman kabad.

"Alhaji, da girmanka?" Umma ta ce daga bakin murhu.

"Ke dai kwashe zannuwanki. Kafin in san ki, a kulob ɗin ma'aikata babu mai tsayawa gabana."

"To, Allah ya tsare mana ƙugu."

Ya naɗe hannun rigarsa. Bugun farko da ya yi, ƙwallon ta wuce ta saman kaina ta sauka a bayana kamar an ajiye ta da hannu. Ya gyara mini tsayuwa, ya nuna mini yadda ake komawa tsakiya bayan kowane bugu.

"Matsalarki ɗaya," ya ce. "Mutum kike kallo. Ki bar mutum, ki kalli ƙwallo."

Na sunkuyar da kai, don na ɗauka ya gano ni. Ashe shi kansa yake nufi. Kullum da yamma muka riƙa yi har a kira magariba, ƙannena a kan dakali suna ihu, Umma tana cewa za mu fasa mata tulu. Ban taɓa jin dariyar Baba da yawa kamar a wannan ɗan tsakanin ba.

Ranar gwaji koci ya haɗa ni da wata 'yar sashen lissafi, gajera mai saurin ƙafa. Kyaftin ne a gindin sanda. "Lof ol," ya ce, kuma a karon farko kalmar ta shiga kunnena a yadda take. Ɗaya, lof. Biyu, lof. Ina mayar da ƙwallon yanzu, har mu yi musaya mai tsawo, amma a ƙarshe ita ke ci. Aka kai bakwai. Duk juyowar da ya yi sai in ji kamar ya watsa mini ruwan sanyi.

Sai ta ɗago wata sama, a hankali. Na ji muryar Baba a raina. Ban ga raga ba, ban ga farar riga ba, gashin tsuntsun nan kawai nake gani yana juyawa yana saukowa. Na taɓa ta kaɗan, ta tsallake raga ta faɗi a gaban yarinyar kafin ta iso.

"Ɗaya, bakwai," ya ce.

Shi ke nan. Lamba biyu, babu komai a bayansu. Na yi tsalle har hijabina ya kwance, amma a can ƙasan raina na ji wani abu ya rufe, kamar an kai shafin ƙarshe na littafin da ba na so ya ƙare.

Na ƙara cin wasu 'yan maki, ta cinye wasan da rata mai yawa. Koci ya zaɓi waɗanda zai zaɓa. Da ya zo kaina ya ce, "Ƙanwata, kin yi ƙoƙari, hannunki ya fara zama. Amma bana sai dai fili."

Ina ɗaure takalmi kyaftin ya zo wucewa.

"Malama mai littafi, yau kin hana ni faɗin lof."

"Ai wanda ka faɗa a baya ya isa," na ce.

Ya yi dariya ya wuce, bai san abin da nake nufi ba. Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi.

Muka koma bayan laburare, mu da aka sallama. Muka ɗaura igiya tsakanin bishiyar darbejiya biyu, muka ja layi da ƙafa. Damina ce, iska ba ta barin ƙwallo ta tafi inda aka aike ta, wani lokaci ka buga ta dawo maka. Babu alƙali, kowa ke kiran makinsa, da Hausa, da gardama. Ƙawata 'yar Katabu takan bar ƙwallon ragarta ta zo kallo, kuma duk lokacin da na fara wasa sai ta dafe ƙirji ta lumshe ido ta ja kalmar nan da wata murya, sauran su yi ta tambayar me ake yi wa dariya. Ba ta taɓa faɗa musu ba. Idan hadari ya taso mu kwashi kayanmu mu ruga barandar laburare, mu sayi dafaffiyar gyaɗa mu jira ruwa ya tsagaita. Na yi kuka a Larabar farko. A ta biyu na manta in yi.

Da aka dawo daga gasa hukuma ta sake buɗe zaure ga kowa. Shi ya riga ya gama ya tafi, ban sake ganinsa ba. Ranar da na shiga, sai da na buga wasa biyu kafin na tuna in dubi gindin sandar.

Yanzu ina aure a unguwar da aka haife ni. Maigidana yadi yake sayarwa a Babbar Kasuwa, bai taɓa jefa mini wata kalma a ɓoye ba, abin da ke ransa yakan faɗe shi ne a fili tun ranar da ya fara zuwa zauren gidanmu. Baba ya rasu, raket ɗinsa na katako yana wurina. 'Yata ta fari tana jami'a, ta ce har yanzu babu lacca ranar Laraba da yamma, kuma har yanzu idan gasa ta matso ana fitar da su fili. Ta faɗa da fushi. Na ce ta je filin, ta nemi inda akwai bishiya biyu.

Idan ta zo hutu mukan kwashe shanya mu buga a tsakar gida. Babanta yakan zauna a kan tabarma da kofin shayi ya kira mana maki. Ta fi ni sauri nesa ba kusa ba, don haka yawanci abin da nake ji shi ne, "Biyar, Hajiya ba ko ɗaya." Ban taɓa koya masa ɗaya kalmar ba.