Kyandir ɗin Safta

Daga tagar da take sayar da kyandir a harabar coci, Veturia na kallon wani tsoho da ba ta taɓa gani a unguwar ba. Kwat ɗinsa a goge take, amma ya tsallake maɓalli ɗaya. Ga baƙin ƙyallen makoki a ƙirjinsa, sabo fil. Da gani, wadda ta saba tsayar da shi a bakin ƙofa ta gyara masa riga ba ta nan.

Yana tsaye tsakanin akwatunan yashi biyu da ake kafa kyandir, na rayayyu a dama, na matattu a hagu. Can sai ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya kafa nasa a dama.

"Ga naki, Safta," in ji shi.

"Baba, ko ka bar tabarau a gida ne?" in ji Veturia. "Na waɗanda suka riga mu yana hagu."

"Ina gani sarai, 'yata. Ranar da muka binne matata, Fadan cocinmu ya ce tana raye a wurin Ubangiji. To, ko shi ya yi kuskure, ko wanda ya yi rubutu a jikin akwatin nan. Su je su sasanta."

Yana kare wutar da tafin hannu har ta kama sosai.

"Kuma shekara hamsin ba ta taɓa zama inda aka ce ta zauna ba. Ba yau zan fara tilasta mata ba."