Lambar Motar da na Zana a Damtsena

Ban taɓa zama a aji ba, abin da na iya na karatu bai wuce wanda nake salla da shi ba. Wannan labari ina faɗa ne 'yata tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri. Ku samari da 'yan mata da ke riƙe da sitiyari a garin nan, da ku nake.

A Sudan aka haife ni, a unguwar Hausawa. Aure ya kawo ni Alƙahira. Mijina direba ne, da ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya da ɗaki biyu a Ard al-Liwa. Na kafa kaskon ƙosai da kunu a ƙofar gida, na yi shekaru a kai ba wanda ya taɓa cewa na ci nasa. Ni ce matar da ake bar wa makulli in za a yi tafiya. Ba ni da wasa, ba a zagi a gabana. Tun asuba nake kan kujerata har hantsi, ba motar da za ta shiga layinmu ko ta fita ban san mai ita ba.

A ƙasar nan, laifin tuƙi ba sai ɗan sanda ya tsayar da kai ba. Kyamara tana kan hanya, ta ɗauki lambar motarka, a rubuta maka mukhalafa, wato laifin da za ka biya tara a kansa. Gudun wuce ƙa'ida, waya a kunne, rashin ɗaura bel, tsallake jar wuta, duk suna taruwa a kan lambar ba ka sani ba, sai ranar da ka je sabunta ruksa, takardar izinin motar, a ce sai ka biya tukuna. Wasu laifukan ma ba tara kaɗai ba ce, har da kotu. Na san duk wannan ne don ni nake raka mijina ofishin murur, masu kula da ababen hawa, ina riƙe masa layi.

Direbobinmu ba sa son ofis. Wani Larabcinsa bai nuna ba, wani yana tsoron a tambaye shi takardar zama. Sai suka fara ba ni ruksarsu in duba musu. Akwai shagon intanet a bakin titi, in na miƙa takardar mai shagon ya buga lambar, ya gaya mini laifi nawa ne a kanta, ni kuma in kawo wa mai mota labari. Da farko taimako ne kawai, godiya ake yi mini. Wata rana mai shagon ya ce laifi uku, ni kuma da na dawo bakina ya ce huɗu. Direban bai yi musu ba, ya ba ni kuɗin in biya masa. Na jira in ji wani abu ya faɗo mini daga sama, ban ji ba. Daga ranar na daina faɗin gaskiyar abin da kwamfuta ta nuna.

Ta haka na san wani maƙeri a bayan gadar jirgin ƙasa, kowa Usta yake ce masa. Ya ce mini, “Hajja, kyamara ba ta san fuska ba, lamba ta sani. Ki samo mini mota iri ɗaya, launi ɗaya da ta mai son sauƙi, wadda ba ta yawan fita. In buga masa lambarta, ya yi ta gudunsa, laifin ya tafi can.” Na ce ai ni ban iya karatu ba. Ya yi dariya ya ce shi ya sa ya zaɓe ni, kuma kada in kuskura in ɗauki hoto a waya.

Ina budurwa na yi sana'ar ƙunshi, hannuna ya iya kwaikwayon duk zanen da idona ya gani. Haka na riƙa yi wa lambobin mota. In tsaya kamar ina gyara zani, in kalli haruffan da alƙaluman kamar furen lalle, in koma ciki in zana su da kwalli a damtsena na hagu, in ja mayafi in rufe. Usta ya kwafa, in wanke. Mota biyar na yi wa haka. Huɗu ban san masu su ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Ta biyar ta Malam Idi ce. Maƙwabcinmu ne, dattijo mai ciwon suga, mai farar mota. Aikinsa ɗaya, ya kai yaran wasu gidaje makaranta a Ma'adi da safe, ya ɗauko su da la'asar, ya dawo ya lulluɓe motar da tamfol. Kullum sai ya tsaya wurina ya ce, “Yaya, ƙosai biyar, kada ki gaya wa likita.” Matarsa Hajara kuwa Inna take ce mini, ni na yi mata wankan jego na ɗanta na fari.

Wanda ya nemi lambar wani saurayi ne, Bashir, mai irin farar motar, yana haya da ita. Laifuka sun yi wa tasa yawa. Na ce masa ya nemi wata, wannan ta maƙwabci ce. Ya ce, “Haba Inna, wata uku kawai, kafin in farfaɗo. Wallahi a hankali zan riƙa tafiya.” Na lissafa a raina cewa ruksar Malam Idi da sauran lokaci kafin ta ƙare, in ranar ta zo ni zan shiga in fita in rage masa. Da wannan na lallashi kaina. Rannan Malam Idi ya ɗage tamfol yana goge gilashi, muna gaisawa, idona yana kan lambarsa.

Sau biyu Malam Idi ya ba ni ruksarsa in duba masa. Sau biyun na je, mai shagon ya gaya mini abin da ya taru, na dawo na ce, “Tamam, Malam, motarka tas take.” Ya ce, “Ai na sani, Yaya, ni ko kaza ba na tsere da ita.” Duk cikin abin da na aikata, wannan ya fi ci mini rai. Da ya gani da idonsa tun lokacin, da ya kai ƙorafi, da an kamo zaren tun ba a zubar da jini ba. Wata ukun Bashir ya zama shekara.

Wata ranar Talata da azahar, Bashir ya shiga hannun masu tahowa don ya guje wa cunkoso, ya buge wata mata mai sayar da ganye, ya gudu. Kyamara ta ɗauki lambar. Bayan kwana biyu, ina juya ƙosai, 'yan sanda suka fito da Malam Idi daga gidansa da silifas a ƙafa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, “Yaya, a gaya wa iyayen yara yau ba zan samu zuwa ba.”

Hajara ta zo mini ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Ta ce, “Inna, ke kika san ofisoshin nan, tashi mu je.” Muka je shagon, ta sa aka buga mata komai a takarda, mai shagon yana karantawa da ƙarfi. Gudu a hanyar Iskandariya. Gudu a hanyar Suwais. Jar wuta a Madinat Nasr ranar Juma'a, daidai lokacin da Malam yake sahun gaba a masallaci. Hajara ta juyo ta dube ni ta ce, “Inna, ba ke kika ce tas take ba?” Na ɗaure fuska irin yadda na saba, na ce kwamfuta ma tana kuskure. Ta yarda. Ba wanda yake musu da ni a layinmu.

Kwana tara na yi shiru. Bashir ya kashe waya, Usta ya rufe shago. Lauyan da aka ɗauka ya ce in ba a samo ɗayar motar ba, maganar za ta yi nauyi, don buge mutum a gudu ba abin tara ba ne, ɗauri ne. Ni kuwa ina soya ƙosaina, ina ba Hajara haƙuri, har kunu nake dama mata ta kai masa.

Rana ta goma Hajara ta roƙe ni in raka ta inda ake tsare da Malam Idi. Aka fito da shi, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Na zaci zai yi ta rantsuwa cewa ba shi ba ne. Sai ya matso ya rage murya ya ce, “Yaya, ke ba abin da ke wuce ki a layin nan. Ranar Talatar, kin ga na fita da azahar? Sun nuna mini hoto, motata ce, lambata ce. Suga yana sa ni mantuwa. In ni na buge baiwar Allah nan, ki gaya mini, in nemi gafararta tun ina da rai.”

Mutumin da bai taɓa tsallake jar wuta ba, na kai shi inda yake tuhumar kansa da jinin wata. Na ce, “Ba ka fita ba, Malam. Tamfol yana kan motarka har la'asar.” Ya ce, “To wane ne?” Na ja hannun Hajara muka fito.

Washegari ban kunna wuta ba. Na ba 'yata makullan mutane da ke hannuna na ce ta mayar wa kowa nasa, na tafi ofishin mai gabatar da ƙara. Da na faɗi abin da ya kawo ni, jami'in ya ɗauka tsufa ne, ko kuwa ina son ceton ɗan'uwana ne. Ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri, Hajja, koma gida. Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa?” Na ciro tandun kwallina, na jawo farar takardar da ke gabansa, na zana masa lambobi biyar ɗaya bayan ɗaya, ta Malam Idi a ƙarshe. Ya sa aka buga su a kwamfuta. Da ya ɗago, bai ƙara ce mini Hajja ba.

Na gaya musu inda Bashir yake ajiye mota, na kuma ce su duba hoton da kyau, tasa tana da lotsawa a bayanta ta dama, ta Malam Idi ba ta da ita. Aka kama shi, daga baya aka kama Usta. Aka saki Malam Idi, ni aka rufe ni.

Shekara biyu da wata bakwai na yi a gidan yarin mata. Ni da nake tsawatar wa unguwa, yarinyar da na isa haifar uwarta take ce mini in tashi in tsaya a layi. A can haƙorana biyu suka zube, a can aka gaya mini 'yata ta haihu. Ba wannan ya fi damuna ba. Masu motoci huɗun nan nake tunani, waɗanda ban san fuskarsu ba, da mai ganyen nan da aka ce ta tashi amma da sanda take tafiya.

Da aka sallame ni, da ƙyar aka bar ni na ci gaba da zama a ƙasar. Na dawo na tarar Malam Idi ya sayar da motar. Kotu ta wanke shi, amma iyayen yaran sun riga sun ɗauki wani direba, ba wanda ya sake kiransa. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ya ce, “Na yafe nawa, Yaya. Na mai ganye ba a hannuna yake ba.” Na nemi gidanta, sau uku ina zuwa, ɗanta yana mayar da ni daga bakin ƙofa, kuma ban ga laifinsa ba. Hajara har yau in ta hango ni sai ta sauya hanya. Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon ya sa su huce kafin in mutu.

To ku saurara. Duk mai mota, ya duba abin da ke kan lambarsa da idonsa, kada ya jira ranar sabunta ruksa. Wayar da ke hannunku tana yi, in ba ku iya ba ku tsaya a kan mai dubawa ya karanta muku wuri da rana da lokaci. In kun ga laifi a inda ba ku taɓa zuwa ba, ku kai ƙorafi a ranar. In naku ne, ku biya, ko ku nemi sassauci ta ƙofar da doka ta buɗe. Wanda ya ce zai goge muku laifi, ƙarya yake, kan wani zai mayar da shi, kuma wanin nan yana da mata da 'ya'ya. Kada kuma ku ce ai wance tsohuwa ce mai salla. Ni ma ban taɓa fashin salla ba a duk shekarun nan.

Na koma kan kaskona, masu saye sun ragu. Makon jiya wani ɗalibi sabon zuwa, wanda bai san labarina ba, ya miƙo mini ruksarsa ya ce an ce masa akwai wata Inna a layin nan da ta san hanya. Na ce ya mayar da ita aljihu. Na nuna masa shagon da ludayin da ke hannuna na ce, “Yalla, je ka da ƙafarka. In ka dawo ka zauna, in gaya maka dalilin da ya sa babu farar mota a ƙofar gidan can.”