Kwamfutar Gwaggo Mai Mantuwa

Da na dawo daga karatu, ban yarda cewa saitin katin sadarwa na kwamfuta zai iya hana mutum tafiya ba. Sai da na zauna a shagon Gwaggo, ƙanwar babana.

Tela ce. Shagonta na tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da maɓallai, abin alfaharinta kuwa injin surfani ne da ke karɓar zane daga kwamfuta ta wata shuɗiyar waya. Sai dai duk lokacin da aka kashe kwamfutar, ko wuta ta ɗauke, katin sai ya manta adireshinsa, injin ya yi tsit kamar an yi masa rasuwa. Wanda ya haɗa mata ya koya mata umarnin da za ta buga, wasu lambobi masu tuna wa katin adireshinsa, ya bar gari. Ita kuma ta haddace lambobin da waƙa. In ka katse ta a tsakiya, sai ta koma farko.

Ana haka 'yarta ta haihu a wani gari mai nisa. Gwaggo ta ɗinka wa jaririyar riguna cike da jaka, amma ta kasa tafiya.

"In na tafi, wa zai tashi injin?" in ji ta.

"Ga ni," in ji Mai Guga, tsohon da suke aiki tare.

"Kai? Yatsunka kamar taɓarya! Ka danna ɗaya, uku su fito."

Na duba, sai na gane umarnin nata na wucin gadi ne. Na ce, "Gwaggo, a kunne kike raɗa wa kwamfutar. Akwai fayil ɗin da take karantawa duk farkawa, a nan za a rubuta."

"To matsa, Ɗan Boko. Da hannuna zan rubuta."

Ta gyara tabarau, tana rerawa tana bugawa, Mai Guga na yi mata amshi don tsokana. Muka adana. Da na kai hannu zan kashe kwamfutar don gwaji, ta riƙe min wuyan riga.

"In ta manta, kai ma ka manta hanyar gidana."

Allon ya yi baƙi, ya dawo. Ba ta buga komai ba, ta aika zanen fure. Allura ta ɗaga, ta sauka, ta kama gudu!

Gwaggo ta saki ihu har mai agogo ya leƙo da gilashi a ido. "Sake kashewa!" Muka sake. "Mai Guga, zo ka kashe da taɓaryarka!" Ya kashe, ya kunna, fure ya fito. Kafin a gama dariya ta rataya jakar rigunan.

A bakin ƙofa na tambaye ta, "Gwaggo, waƙar lambobin fa, yanzu me za ki yi da ita?"

Ta ce, "Jikata zan rera wa. Wadda ta tashi inji, ai za ta iya kwantar da jaririya."