Benen Inna Mai Tayoyi

Shekarun baya na sayi wata tsohuwar bas mai hawa biyu, irin jajayen nan na ƙasar Ingila, kuma har yau in za a tsokane ni a masallaci da ita ake farawa. A wani filin sayar da motoci da ke titin Gate City Boulevard na gan ta. Wani gidan abinci ne ya yi talla da ita har ya gaji, aka tura ta bayan fili, tsuntsaye suka tare a ciki. Ina ganinta zuciyata ta ce, ga benen Inna.

Bari in ɗan koma baya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun yana neman auren mahaifiyata a Maraɗi ya yi mata alkawarin gidan sama. Ya gina ƙasa, ya ja matakalar siminti har rufi, sai ƙarfi ya ƙare, daga baya kwana ya ƙare. Mun tashi muna wasa a matakalar nan da ba ta kai kowa ko'ina, a kanta ake shanya kuɓewa. Da na ɗauko Inna ta dawo wajena nan birnin Greensboro, a hawan ƙasa nake haya, ita kuwa ba ta bar maganar ta mutu ba. In ta so ta motsa ni sai ta ce, "Uban dai ya yi matakala. Ɗan, ko matakalar babu." Da dariya take faɗa, amma na san abin yana ranta.

Abokina bakanike ne, mutumin Kano. Da na kai shi ya ga bas ɗin, ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Malam, wannan ai ba mota ka saya ba, unguwa ka saya." Ya gama dariyarsa, washegari ya zo da kayan aiki. Muka shafe watanni muna mai da ita gida mai tafiya. Ƙasa muka yi kicin da banɗaki da gadajenmu ni da iyalina. Sama kuwa na Inna ne ita kaɗai: kafet, gado, labule, da wurin salla ta gaban babbar tagar nan da ake hango titi.

Komai mun auna, har faɗin katifa. Abu ɗaya ne bai zo mana a rai ba. Ranar da na je yi mata rajista da inshora, matar ofishin ta tambaye ni tsayin motar. Na ce tsayi kam, masha Allah. Ba ta yi dariya ba. Ta yi mini bayani cewa doka ta yanka wa kowace mota iyakar faɗi da tsawo da tsayi, saboda gadoji da wayoyin wuta. Wadda ta wuce iyaka sai da izini na musamman a kowace tafiya, kowace jiha da nata, kuma su za su zaɓa maka hanya.

Muka koma muka auna. Faɗi ya yi, tsawo ya yi. Tsayi ya zarce da taƙi guda da 'yan yatsu.

Abokina ya ce, "To, opshin biyu ne. Ko mu cire saman gaba ɗaya, ko ka fakin ɗinta a bayan gida ta zama masaukin baƙi." Ranar ko abinci ban ci da daɗi ba, don na riga na faɗa wa Inna, ita kuma ta riga ta buga wa duk Maraɗi waya. Sai bayan 'yan kwanaki ya kira ni daga gareji ya ce akwai hanya ta uku: a yanke ginshiƙan tagogin sama, a sauko da rufin, a sake walda. Haka muka yi, muka sake aunawa, ta shiga cikin doka da ƙyar.

Matsalar ita ce yanzu ni da shi ba mu iya miƙewa a sama, sai dai mu yi ta yawo kamar masu ruku'u. Na kawo Inna ta gani. Ta kama ƙarfe, ta hau matakalar a hankali, ta miƙe tsaye ƙyam, ɗankwalinta yana shafar rufi kaɗan. Mahaifiyata gajeriya ce, abin da ta ƙi jinin a faɗa. Ta dube mu a sunkuye ta ce, "To, madalla. Wanga ɗaki da ni aka auna shi. Masu tsawo su tsaya ƙasa."

Ba a jima ba ƙanwata ta haihu a Ohio, haihuwar fari, namiji. Inna ta ce ita za ta yi mata wankan jego, kuma a benenta za ta tafi. Ni kuwa na zama malamin gadoji. Na bi hanyar fita gari da ƙaramar mota, na karanta allon kowace gada, na tabbatar za mu wuce.

Safiyar tafiya matan unguwa suka cika ƙofar gidanmu, kowa da abin da za a kai wa mai jego. Buhun gero, kanwa, yaji, kilishi, turmi da taɓarya, barguna, ga kuma ƙatuwar tukunyar da Inna za ta riƙa dafa ruwan wanka. Ƙasa ta riga ta cika da mu da yara. Sai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Maraɗi da Yamai, ya ɗaga kai ya ce, "Ku yaran zamani, ga rufi fili guda kuna neman wuri? Ku kawo tsani da igiya."

Jama'a, ni na kawo igiyar. Abokina da ya yi waldar rufin da hannunsa shi ya hau, ni nake miƙa masa kaya. Dattijon yana ƙasa yana ba da umarni, "Tukunya a kife, a sa ta gaba! Ja ɗaurin nan!" Da aka gama muka ja baya muka duba, wallahi ta yi kyau. A idonmu sai a lokacin ta zama motar tafiya. Kwana da kwanaki muna yaƙi da taƙi guda, cikin safiya ɗaya muka ɗora mata kamu biyu, kuma ba wanda ya tuna da gada.

Muka yi addu'a muka tashi. Ba mu bar East Greensboro ba, ina tuƙi ina jin kaina, sai na ji ana dukan rufin da ke kaina da ƙarfi, dim, dim, dim. Inna ce da dunduniya. Muryarta ta biyo matakala: "Tsaya! Kai, tsaya! Tukunyata!" Na taka birki, kwanuka suka watse a kicin. A gabanmu tsohuwar gadar jirgin ƙasa ce, wadda na san motar za ta wuce. Motar ce za ta wuce, ban da abin da ke kanta. Daga tagar sama Inna ta ga ƙarfen gadar yana nufo ta daidai goshi, ta tuna abin da ke bisa kanta.

Motoci suka taru a bayanmu. Wani ɗan sanda ya zo ya tare mana hanya, ya dubi turmi, ya dubi gada, ya dube ni, ya kasa riƙe dariya. Ya ce mu sauke, ba zai ce komai ba in mun yi sauri. Muka sauke komai a gefen titi. Sai tambaya ta taso, a ina za a sa? Wuri ɗaya ne ya rage a motar, kuma kowa ya san shi. Na ce, "Inna, mu mai da rabi gida, a can ma akwai tukwane a kanti."

Ta ce, "Tukunyar kanti za ta wanke mini ɗiya? Ku hau da su."

Haka benen da ta jira tun tana amarya ya zama sito. Ta yi tafiyar nan duka a ƙasa, a kujerar bayana, tana ba ni labarin tuƙina da ba ta yaba ba. Na ji kunya, na kuma ji wani irin daɗi da ban san sunansa ba.

In na tuna abin yanzu, ba gadar ce take fara zuwa mini ba. Na koyi karanta allo, na kuma koyi cewa mutum yana iya shekara ashirin a ƙasar nan idonsa yana nan a tashar garinsu. Amma abin da ya zauna mini shi ne ranar suna.

An sa wa yaron sunan mahaifinmu. Da aka watse, aka kwashe kaya daga sama, Inna ta sa aka share kafet, aka gyara labule. Ta karɓi jaririn daga hannun ƙanwata, ta ce kada kowa ya biyo ta. Na tsaya a gindin matakala ina kallonta tana hawa, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya rungume da shi. Kun san yadda kaka take kiran jikanta mijinta. Na ji ta kai sama, ta tsaya a gaban taga, ta ce a hankali, "To, maigida, ga mu a sama. Ka daɗe, amma ka cika alkawari."