Filin da Ya Haɗiye Rodi

Rufin ɗakina ne ya kai ni ganin filin. Maigidana Alhaji, Allah ya jiƙansa, mai sayar da itacen rufi ne a kasuwar Katako, gidaje da yawa a unguwarmu ta Jos Jarawa da katakonsa aka rufe su. Amma bai daɗe da rasuwa ba sai muka gane gara ta cinye namu. Idan ruwa ya sauko sai in jera kwanuka da bahon wanki a tsakar ɗaki, in ja katifa gefe, in zauna ina kallon yadda silin ya yi ciki.

Babban ɗana da ke zaune a Bauci ya zo ya gani, ya ce, "Inna, in ba a sake rufin nan ba kafin wata damina, zan zo in ɗauke ki, a rufe gidan." Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ma ɗawainiya ta yi masa yawa. Amma a gidan nan aka kawo ni amarya, a ɗakin nan na wanke 'ya'yana, a ƙofarsa aka sallaci Alhaji. Na ce wa ɗan nawa ya ba ni lokaci, ina da fili.

Filin nan shi ya faɗo cikin rabona da aka raba gado. Yana can bayan gari, an wuce unguwar Abattoir da nisa. Alhaji ya saye shi ne a shekarun da kowa a Jos ya haukace da gini. Ba zan manta da lokacin ba. Tela ya sayi fuloti, mahauci ya sayi biyu, direban tifa ba ya samun zaman cin abinci. Dillalai suna zuwa zaurenmu da manyan riguna, suna cewa ƙasa ba ta ruɓewa. Mutum zai saya da safe, kafin la'asar an taya masa da riba. Ni dai ban taɓa taka filin ba. Alhaji yakan ce, "Kwantar da hankalinki, ko bayan raina kina da abin dogara."

Sai siminti ya yi tsada, rodi ya yi tsada, masu albashi suka daina gini. Ina jin labari a gidan suna da gidan biki, amma ban san ya kai haka ba sai ranar da wani dillali ya ɗauke ni zuwa filin.

Shi wannan dillalin a da a mota yake zuwa gidanmu. Ranar kuwa da keken haya ya zo, shi ne ma direban. Na ce, "Ɗan nan, ina motar?"

Ya ce, "Mama, mota ta zama tuwo. Hau dai."

Da marka ne, ruwa yana yayyafi. Da muka fita gari sai na riƙa salati. Gidaje ne jere a hagu da dama, an kai su linta an tsaya, ba rufi ba ƙofa. Bulo ya yi baƙi da gansakuka. Wani gidan an shuka masara a falonsa, ta fi taga tsawo. Wani akuyoyi ne suka fake a ciki. Kusan kowane bango da jan fenti a jiki.

Na ce, "Me aka rubuta?"

Ya ce, "Na sayarwa ne, Mama. Wancan ma na sayarwa. Wancan da kike gani, mai shi ya rage kuɗi har ya gaji, ba wanda ya ko buga masa waya. Da masu saye ke bin mu, yanzu mu ke bin su har masallaci da coci."

Ya ce mun yi sa'a ma, ya samo wani oga da ya yi ritaya, yana neman inda zai gina ɗan gida ya huta. Mun tarar da shi a bakin filin da lema, tare da wani magini mai riƙe da dogon rodi. Da na ga rodin sai na gane abin da za a yi, domin na san shi. Mahaifina leburan kuza ne. Tun ina yarinya nake jin manya suna cewa fili a Jos da marka ake duba shi, kuma da ƙarfe a hannu, saboda ƙasar nan duk an huda cikinta. Inda aka haƙa rijiyar kuza aka bar ta, ko an cike ta, bakinta kawai ake rufewa. Da rani ta yi tauri kamar dutse, da damina ta tuna da raminta. A shekarun haukar gini kowa ya watsar da wannan, wa zai jira damina alhali wani na bayansa da kuɗi? Yanzu da filaye suka yi yawa masu saye suka yi kaɗan, sai rodi ya dawo.

Ogan ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini ta'aziyya. Maginin ya soka rodin a bakin iyaka, wajen shingen ƙerana, ya tsaya cak. Ya matsa ya sake sokawa, ya shiga kamu ɗaya ya tsaya. Dillali ya fara murmushi yana cewa, "Oga, ka gani? Kan dutse za ka kwana."

Da maginin ya kai tsakiya, bai ma danna da ƙarfi ba. Rodin ya tafi, ya tafi, kamar ana jan sa daga ƙasa, har ya suɓuce daga hannunsa. Ƙarfen da ya fi ni tsawo, ina kallo ƙasa ta haɗiye shi, sai ɗan kumfa a kan laka. Maginin ya yi tsalle baya yana kiran sunan Allah. Ni kuwa sai na zauna a kan jiƙaƙƙen bulo da zanena.

Ogan ya ce, "Mama, ki yi haƙuri." Ya naɗe lemarsa ya shiga mota.

Wani tsoho da ke nome kabeji a maƙwabtan filin ya ajiye fartanya ya zo. Ɗan asalin wurin ne, ya ce gonar kakansa ce duka kafin a yanka ta fuloti-fuloti. Ya ce, "Mama, kai ne matar Alhaji mai katako? Ya mutu? Kai, sannu. Mutumin kirki, ya taɓa ba ni itace na gyara ɗakin coci."

Na ce, "Baba, ashe cutarsa aka yi. Rami aka sayar masa bai sani ba."

Ya dubi tsakiyar filin. Sannan ya ce, "Ya sani. Ranar da tifa yana zuba jar ƙasa a nan, ni na kama hannunsa na nuna masa. Ya yi dariya, ya ce shi ba gini zai yi ba, kafin damina ya sayar. Ba shi kaɗai ba, Mama. Duk layin nan haka suka yi. Sai kasuwa ya tsaya, kowa ya rage da nasa a hannu."

Wallahi faɗuwar rodin ba ta girgiza ni kamar wannan magana ba. Mutumin da ba ya sayar da katako mai tsagu sai ya juya shi ya nuna wa mai saye! Mutumin da na yi wa takaba ina kuka har idona ya dushe! Ɗiyata da ke rubuta mini wannan ta ce in tsallake wurin nan, na ce a'a, ta rubuta. Ina kukan rashinsa har gobe, kuma abin da ya faru ke nan.

A hanyar komawa dillali ya rage gudu ya ce, "Mama, kada ki damu. Ki bari rani ya yi. Tifa biyu ta jar ƙasa, a daddaɓe, a jera bulo a kai. Akwai 'yan Abuja da ke saye ta waya, ba su san rodi ba. Ko an karya farashi, zai yi miki rufi har da sili."

Na ce, "In ya gina, ɗakin 'ya'yansa ya zo a tsakiya fa?"

Ya ce, "Haba Mama, kowa da ƙaddararsa. Ni ma yara ne da ni a gida."

Ba zan ɓoye ba, maganarsa ta zauna mini. Duk lokacin da ruwa ya ɗiga a baho sai in ji ta. Da rani ya shigo, dillalin ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ya ce ya samo mutum. Na tsaya a soro na dubi inda aka shimfiɗa Alhaji aka sallace shi. Allah ya tsayar da kasuwa kafin ya sayar, bai kai ga cutar kowa ba. In na sayar, ni na ƙarasa masa abin da ya fara, na aika masa da kaya kabarinsa. Na ce wa dillalin filin ba na sayarwa ba ne.

Ya ce, "Mama, ke da rufinki, to."

Na aika wa tsohon nan cewa ya noma gefen da ke da ƙarfi, ya kewaye tsakiyar da ƙerana saboda yara da dabbobi. Ya yi hakan. Yakan aiko mini da kabeji da karas, amma kabeji ba ya sayen kwanon rufi.

Da hadarin farko ya haɗu, ɗana ya zo da mota kamar yadda ya ce. Ban yi masa gardama ba. Na kwashe kwanukan da ke tsakar ɗaki na wanke, sai kuma na mayar da su inda suke, kowanne a ƙarƙashin hujinsa, don kada ruwa ya ci daɓen. Na ja ƙofa na sa kwaɗo ina kuka, maƙwabta suna ba ni haƙuri, har muka wuce Katako ban iya ɗaga kai na dubi rumfar Alhaji ba.