Tasalla Mai Rufa Zane

Da an idar da sallar asuba a Gwandu, kafin mata su ɗora koko, Tasalla ta riga ta zauna bakin ɗakinta, mazari a hannu, kwandon auduga a gefe. Tana kaɗi har hantsi, sannan ta koma kan saƙa. Ba ta taɓa kai zanenta kasuwa don sayarwa ba.

Kowa a garin nan ya san tushen abin, sai dai ba a son faɗa. Shekarar da sojoji suka komo daga yaƙin Bama, ƙyanda ta ɗauke mata 'ya'ya biyu a damina ɗaya, hankalinta ya gushe. Ranar kasuwa ta fita ta yar da zane a gaban mahauta, tana kiran sunayen yaran. Jama'a suka yi cincirindo, masu dariya na yi, masu salati na yi, amma ba wanda ya miƙa mata ko tsumma. Garin malamai ne fa, mai makaranta a kowane lungu! Abin kunyar nan har yau yana wuyan Gwandu.

Allah ya ba ta lafiya, sai kunya ta hana ta sakat. Ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, ba biki, ba gaisuwar mutuwa. Ta rame kamar kara. Yayarta Azumi ta sha jin ta tana roƙon Allah ya ɗauki ranta ta huta da idon mutane. Kowa ya ga ciwon na shirin dawowa.

Ana haka, wata rana Azumi ta dawo daga kasuwa tana haki.

"Tasalla, wata ɗiya anka gani daga Wurogauri, wai Hajjo. Ba ko ƙyalle jikinta, mutane sun taru suna kallo."

"Ba wanda ya ruhe ta, Yaya?"

"Wa za shi matsa?"

Tasalla ta miƙe. Ta ratsa kasuwar da ta fi tsoro a duniya, ana nuna ta da baki, ta cire mayafinta ta ɗaura wa Hajjo, ta ce, "Taho, ɗiyata, mu tai gida." Nagoggo mahauci, wanda ya ga ranar Tasalla ya kuma ga ta Hajjo, ya ce wuƙa ya ajiye, ya rasa inda zai sa idonsa.

Kafin magariba Hajjo ta yage mayafin. Tasalla ta ga zane ɗaya ba zai isa ba, ta ce a aro mata mazari. Tun daga ranar barci ya dawo mata, abinci ya fara shiga.

Ke ce, Tasalla, kika gane masu wannan ciwo ba sa barin zane mara kauri, kika riƙa saƙa musu mai ƙarfi har da igiyar ɗauri. Ke ce aka aiko wa daga Kalgo, kika hau motar gyaɗa kika je kika suturta wata tsohuwa da danginta suka ce ba su san ta ba. Uwar marasa sutura, ba ki taɓa tambayar 'yar wane ce ba.

Da Azumi ta gaya mata za a yabe ta a rubuce, rufe fuska ta yi. "Don Allah ku bari, kunya nika ji. Ni ba taimako nikai ba, magani nika sha. Ran da ban yi kaɗi ba, tunani ka kama ni."

Yanzu idanunta sun fara raguwa, zare na kuɓuce mata, kuma ba makanta take tsoro ba, zaman banza take tsoro.

Mun gode, Tasalla, Allah ya saka da alheri. Wanda baƙin ciki ya danne, ya nemi aikin da zai tashe shi da safe kamar yadda ta yi. Ku kuma matan Gwandu, ku ɗauki auduga ku je ku zauna kusa da ita, ku ja mata zare. An taɓa tsayawa ana kallon matar nan sau ɗaya, ya isa.